Itatuwanki Sun Girmi Ƙaryar Baffa

Zuwa ga Inna Hajara, Allah ya kai haske makwancinki.

Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifiya, ina sanar da ke cewa jiya na shiga gonarmu ta Gangara, karo na farko tun ranar da Baffa Hamidu, bayan rasuwar mahaifina, ya ce mace ba ta riƙe gonar mamaci, kika kama hannuna muka koma gidanku a Tarka.

Aiki ne ya kai ni. Karatun da kika sayar da awaki na yi a jami'a, ga inda ya ƙare: ina yawo da igiyar awo ina rungumar itatuwa. In auna kaurin kututture daidai ƙirjina, in auna tsayi, in lissafa yawan gurɓatacciyar iskar da itacen ya shanye. Kamfanonin ƙetare masu turnuƙe sama da hayaƙi su ne ke saye, don a ce sun wanke laifinsu. Na san da kin yi dariya.

Furojen da nake yi wa aiki yana biyan manoma kuɗin itatuwansu, amma sharaɗinsa ɗaya ne. Itacen da aka raya bayan zuwan furojen, shekara huɗu ke nan, shi kaɗai ake biya. Baffa kuwa ya rubuta cewa duk gawo da aduwar gonar nan aikin hannunsa ne, cikin shekara huɗun.

Shi ɗin dai, Inna. Wanda in ya same ki lokacin sassabe kina ƙyale toho, kina rage masa rassa ki bar guda biyu masu ƙarfi, sai ya ce, "Hajara, hatsi ake ci ko inuwa?" Da ya karɓe gonar, tsoron ma'aikatan gandun daji kawai ya hana shi sa musu gatari.

Jiya ya tarbe ni da fura, yana ta "ɗiyata, ɗiyata". Na sha, don furar ba ta yi mini komai ba.

Sai na isa aduwar gabas. Kin tuna wayar da kika naɗa mata kina ɗaure jar akuya, ina 'yar shekara shida? Tana nan. Kututturen ya haɗiye ta, bakinta kaɗai ya leƙo, ya yi tsatsa. Itace ba ya haɗiye waya haka cikin shekara huɗu. Na ɗauki hoto, na auna, na rubuta abin da na gani. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya har la'asar, ban ƙara ba, ban rage ba. Baffa na biye da ni yana riƙe mini bakin igiya.

Za a cire sunansa daga cikin waɗanda za a biya, kuma a gaban maigari za a karanta dalili. Na roƙi shugabana ya bar ni ni in karanta.

Ke ma da kina raye ba za su ba ki ko dala ba, don kin riga kasuwarsu farawa. Amma a takardar akwai gurbin da ake sa sunan wanda ya raya itacen. Sau arba'in da ɗaya na rubuta Hajara, hannuna bai gaji ba.

Na zauna a gindin aduwar kafin mu tashi, Inna. Inuwarta ta fi yadda kika bar ta faɗi.

Allah ya sa kowane ganye ya zame miki sadaka mai gudana, ya ba ki inuwar da babu mai korar ki daga cikinta. Shi kuma Baffa, Allah ya ja kwanansa ya kai ranar karatun.

Taki har kullum,
Rabi