Gudumar Baba a Hannun Gavril

Ƙauye, 27 ga Afrilu, 2003

Ƙanena Traian,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Gavril da Baba. Da fatan Torino ba ta ƙarasa cinye ɗan naman da ya rage a jikinka ba. Direban motar kaya zai ba ka wannan takarda tare da cuku da garin masara, kada ka bar shi ya ce ba a ba shi cukun ba.

Labarin gida shi ne barandar katakon nan ta bayan gida, wadda Baba ya yi shekarar da aka haife ka. Da ƙanƙara ta narke muka ga katako bakwai sun ruɓe ta wajen babbar bishiyar nan, sai ka tura yatsa ya shige. Ka san hannun Baba yana rawa yanzu, don haka shi yake zaune a kujera yana ba da umarni, mijina yana aikin. Zauna da kyau kafin ka karanta wannan: Baba ya ba Gavril gudumarsa. Da hannunsa ya miƙa masa, ba wanda ya roƙa.

Ka riƙa cin abinci. Allah ya tsare.

Yayarka,
Saveta

Torino, 9 ga Mayu

Yaya Saveta,

Na gaishe ku. Cuku ya iso, rabinsa.

Wace guduma? Mai ƙota baƙa, wadda ko ƙura ba a yarda mu share mata ba? Ina shekara goma sha huɗu na ɗauke ta na buga ƙusa ɗaya a barandar nan, ƙusar ta lanƙwashe. Baba ya fizge ta a gaban maƙwabta ya ce, “Wannan hannun na riƙe cokali ne.” Kina wurin, kin yi dariya, ban manta ba. Daga ranar bai sake barina na riƙe masa ko igiyar awo ba. Yau shekara tara ina shimfiɗa daɓen gidajen Italiyawa, har layi ake bi a same ni, bai taɓa tambayata yadda nake aikina ba.

Shi kuwa Gavril, mai raba wasiƙu a kan keke, wanda ya rataya hoton aurenku ya faɗo sau biyu, shi ne ya cancanta? Ba na ƙin mijinki, amma kwana uku ina jin ɗacin abin. Ku dakatar da aikin. A watan Agusta zan zo in gyara barandar ubana da kaina, ya zauna a kujerar nan ya kalla.

Ki gaishe da Baba. Shi ma wancan ki gaishe shi.

Traian

Ƙauye, 25 ga Mayu

Traian sarkin fushi,

Muna lafiya, tunda ba ka tambaya ba. Mu jira Agusta? Ranar Lahadi ƙafar Baba ta burma cikin katako har gwiwa, da kyar muka zaro shi. Kai kana can kana lissafin ƙusar da ta lanƙwashe shekara ashirin da suka wuce.

Aiki ya yi nisa. Sun ɗaga katakan duka, sun canza ginshiƙai biyu na ƙasa, masu sauran ƙarfi kuma an juya su ciki ya koma waje. Baba ya hana a sayi sababbin ƙusoshi, sai Gavril ya miƙe tsofaffin ɗaya bayan ɗaya a kan dutse. Ya koya masa sa fensir tsakanin katako da katako don ruwa ya sami hanyar sauka. Jiya da suka shafa man katako zagaye na farko, Baba ya kama kan Gavril ya sumbace shi a goshi, ya ce, “Ka fi ni hannu, yaro.” Ni kaina sai da na shiga ɗakin girki na yi kuka.

Na san wannan zai ƙona maka rai. Akwai maganar da ba ta takarda ba ce, idan ka zo ka ji. Kafin nan ka rage kumburi.

Yayarka,
Saveta

Torino, 3 ga Yuni

Yaya,

Gaisuwa. Tunda Baba ya sami ɗa mai hannu, ban ga abin da zan zo yi a Agusta ba. Ku sha iska a barandarku.

Traian

Ƙauye, 15 ga Yuni

Zuwa ga Traian, ƙanen matata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ban iya rubutu mai tsawo ba, na fi sabawa da raba wasiƙun wasu. Saveta ba ta san na rubuto ba, ta ce kada a tayar maka da hankali kana ƙasar mutane. Ni kuma na ga ɓoyewar ta fi cutar da kai.

Tun bayan Kirsimeti kan Baba ya fara rikicewa. Ranar da ya miƙo mini gudumar, cewa ya yi, “Ungo, Traian, lokaci ya yi.” Na ce, “Baba, Gavril ne.” Ya dube ni a tsorace, ya yini bai ci abinci ba. Washegari da ya sake kirana da sunanka sai na amsa. Wata biyu ke nan ina amsawa. Duk yabon da Saveta ta rubuta maka, da sunanka aka yi shi, ni dai kaina ne ya tare sumbar. Har yanzu ina lanƙwasa ƙusa, sai ya ce ba komai, shi ma haka ya fara.

Ban ji daɗin cin abin da ba nawa ba. Ka zo, kada ka jira Agusta.

Naka cikin girmamawa,
Gavril

Torino, 6 ga Yuli

Yaya Saveta,

Na dawo Torino lafiya daga wurinku. Ki yi haƙuri na tafi ban yi miki sallama sosai ba.

Kina kasuwa lokacin da abin ya faru. Baba ya karɓe ni kamar baƙo, ya sa aka kawo mini kujera. Sannan ya kama hannuna ya zaga da ni barandar, katako bayan katako, yana buga ƙafa don in ji ba ta motsi. Ya nuna Gavril da ke wanke buroshi ya ce, “Ɗana Traian ne ya yi. Na matsa masa yana ƙarami, amma dubi abin da ya zama.” Na ce, “Lallai ɗanka gwani ne, Baba.” Ya ce, “Ka faɗa masa, ni kunya nake ji.”

Har yanzu ina kishin mijinki, ba zan yi miki ƙarya ba. Ki ce masa ya ci gaba da amsawa.

Ƙanenki,
Traian