Na'urar da Na Haɗa Ta Raba Ni da Aminina

Hajiya Ummussalma, don Allah ki taimaka mini da shawara, raina a ɓace yake.

Sana'ata haɗa intanet. Kawuna, Alhaji Buba, yana sayen riɗi, ofishinsa na Birnin Kudu, sito kuma a Gwaram. Bara ya ce in sa masa wayifai a duka biyun. Na kafa na'urorin watsa sabis, na haɗa su da kwantirola, wato manhajar da ke kula da su duka daga kwamfutata. Daga kujerata ina ganin wace waya ce ta hau, yaushe ta sauka. Na yi ne don in gane matsala ba sai na hau mota zuwa Gwaram ba.

Wata rana Kawu ya tsaya a bayana, ya ga a kwamfutata wayar Safiyanu, mai kula da sito, kullum da rana tana ɓacewa, ya ce ashe gudun aiki yake yi. Safiyanun nan tare muka taso, ni na kawo shi aikin. Na ce wa Kawu sabis ba ya kaiwa rumfar baya inda ake awo, duk wanda ya je can dole wayarsa ta sauka. Ya ce abota nake karewa, ai inji ba ya ƙarya. Ya sallame shi, ga shi da mata da 'ya'ya ƙanana, a gaban leburori, har yana cewa ni na nuna masa.

Na je gidan su Safiyanu, aka ce ba ya nan, alhali ina jin muryarsa. Mahaifiyarsa, wadda ta sha ciyar da ni, ko gaisuwata ba ta amsa ba. In na shiga sito kowa sai ya kashe waya. Yanzu kuma Kawu so yake in riƙa kai masa labarin kowa. Hajiya, ni kaɗai na san kalmar sirrin kwantirolar. Zuciyata tana ce mini in goge komai ranar kasuwa in yi tafiyata, ya ɗanɗana.

Mai baƙin ciki, Birnin Kudu

Ɗana, an zalunci Safiyanu, kai ma an ɓata maka suna. Amma kada ka goge komai. Amana aka ba ka, kuma manoman da za su kwaso riɗi daga ƙauyuka irin su Kwandiko su tarar ciniki ya tsaya ba su yi maka laifi ba.

Kawunka yana da haƙƙin sanin ko ana yi masa aiki. Kuskurensa shi ne yanke hukunci da abin da bai fahimta ba, kuma mutum irinsa ba zai janye a gaban yaransa don ka yi masa bayani da baki ba. Ka nemi dattijon da yake jin nauyinsa, ku je Gwaram ku uku. Ka sa wayar Kawu a kan wayifai, ya taka da ƙafarsa zuwa rumfar awo, ya ga tasa ma ta ɓace. Sai ka yi shiru, dattijon ya ƙarasa.

Ka faɗa masa cikin ladabi cewa gyaran intanet ne aikinka, ba gadin mutane ba. Ka tara ma'aikata ka nuna musu abin da kake gani da wanda ba ka gani. In Kawu ya ƙi, ka miƙa masa kalmar sirri a gaban shaida, ka ajiye aikin lafiya lau.

Safiyanu kuwa, ka koma, ko sau nawa za a ce ba ya nan. Kada ka je da hujja, ka je da maganar inda ka nema masa aiki. Wataƙila ya daɗe bai huce ba, ka yi haƙuri da hakan.

Allah Ya wanke ka, Ya buɗa wa abokinka.