Sakiya a Kan Ɗinkin Likita

Zuwa ga Hajiya Zahara'u, mai wannan fili,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon ki taimake ni. Ni magidanci ne a ƙasar Kebbe, wanda ake sauraron maganarsa a unguwa, kuma bana na kammala ajin yaƙi da jahilci. Da hannuna nake rubuta wannan.

Bara aka yi wa maiɗakina aikin ciro jariri a wani asibitin kuɗi a Tambuwal. Ni na amince, na sa hannu da biro, ban dangwala yatsa ba. Ta warke, har ta koma daka. Da kaka sai wurin ɗinkin ya kumbura kamar ƙoƙo. Na kira wanzamin gidanmu, wanda ya yi mini kaciya, ya ce ƙurji ne, ya yi mata sakiya. Tun ranar ƙazanta ke fita ta wurin. Saboda wari na mayar da ita ɗakin baya, kusa da awaki, na hana a kai mata yaron. Tana kuka, amma kuka ɗabi'arta ce. Na koma wa likitan da ya yi aikin, ya ce shi ba haka ya bar ta ba, ya kore ni a gaban jama'a, bai ko ba ni kujera ba.

Shin in kai shi kotu? Kuma in sallame ta gidansu har ta daina wari?

Naki,
Magidanci Mai Neman Haƙƙinsa

Malam Magidanci,

Ajiye maganar kotu, ka nemi mota yau zuwa babban asibiti a Sakkwato. Ina jin tsoron abin da ya kumbura hanji ne ya turo ta ɗinki, ƙarfen wanzami kuma ya huda shi. Wannan yana kisa.

Ban wanke likitan ba. Ɗinki kan saki ko da an yi shi daidai, yakan kuma saki saboda sakaci, kuma korar da ya yi maka ba daidai ba ce. Likitocin can za su tantance. In da laifinsa, akwai hukumar da ke hukunta likitoci. Sai dai za ta tambayi wanda ya kira wanzami.

Kada ka sallame ta. Ka fito da ita daga cikin awaki, ka wanke ta da kanka, ka ɗora mata ɗanta a cinya kafin ku tashi. Ba ni da tabbacin za ta dawo ta same shi.

Allah Ya ba ta lafiya, Ya tausasa zuciyarka.

Hajiya Zahara'u