Teburin da Muka Aza wa Dutse

Zuwa ga Uwargida, Shugabar Makarantarmu ta 'Yan Mata.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan kina lafiya, ke da malamanmu baki ɗaya. Na manna takardar nan a allon sanarwa ne domin sau biyu ina zuwa ƙofar ofishinki bakina yana kasa buɗewa. Ni ce Hadiza ta aji uku, mutuniyar Kurawa a ƙasar Sabon Birni, mai riƙe da ƙungiyar saƙar faifai. Kukana a kan tebura ne, waɗanda ake ba ƙungiyoyi su baje kayansu ranar Asabar mai zuwa, ranar da iyaye da manyan baƙi za su zo.

Na farko, abin da muke nema da tebur. Mu shida ne, duka 'yan Gobir. Tun farkon zango muke saƙa. Innata ce ta aiko mana da kaba ta hannun wani mai mota, muka rina ta da karan dafi a bayan ɗakin girki, har yau jan bai bar farcena ba. Abin da muka sayar, allo da alli za mu saya, mu tafi da su gida hutu mu koya wa ƙannenmu mata karatu a Kurawa da Turba. Mun riga mun aika musu da albishir, suna jira.

Na biyu, yadda muka nema. A kasuwar Isa, mace ta je ta gaida Sarkin Kasuwa, ya ce mata Allah ya ba da sa'a, ta aza dutse a wurin da take so, magana ta ƙare. Ko ba ta zo da wuri ba, babu mai taɓa dutsen. Haka muka yi. Ranar Litinin muka durƙusa gaban malamar da ke rabon tebura, muka gaishe ta, na faɗi buƙatarmu kaina a ƙasa. Ta ce, “To madalla, Allah ya kai mu.” Muka tashi muka zaɓi teburin da ke bakin ƙofar zaure, muka ɗora faifai ɗaya, muka danne shi da dutse.

Na ga takardar da aka buga da Turanci cewa kowace ƙungiya ta rubuta sunanta. Na karanta ta, kuma na gane ta sarai. Amma na ɗauka ta waɗanda ba su sami ganin malama ba ce. A gidanmu, babba ya amsa maka da bakinsa, sa'an nan ka koma neman shaidar rubutu, ka ƙaryata shi ke nan. Ladabi ne ya hana ni ɗaukar alƙalami.

Na uku. Ranar Alhamis na tarar an jefar da dutsen, faifanmu kuwa an rufe bakin randa da shi. Teburin yana lulluɓe da farin ƙyalle, an jera masa hulunan jarirai da safa na ƙungiyar saƙar ulu. Shugabarsu, Balkisu ta aji huɗu, ta dube ni gaban jama'a ta ce, “Ke 'yar Gobir, dutsenku ya iya rubuta sunansa ne?” Aka yi dariya. Na koma wurin malama, ta ce ita addu'a ta yi mana, ba alkawari ba, kuma layukan takarda sun cika.

Ba za ni ɓoye miki ba, Uwargida, ina ƙyashinsu. Na san ba hali mai kyau ba ne, ina kuma istigfari, amma bai tafi ba. Ulunsu daga kanti aka kawo musu, alluransu makaranta ta ba su, malama na zaune tare da su kowace Laraba tana gyara musu kuskure. Mu babu wanda ya taɓa leƙo mu. Da kika zo wucewa na gan ki kin ɗaga wata 'yar hula shuɗiya kina murmushi, na tsaya bayan ginshiƙi ina jin kamar a ce nawa ne a hannunki. Hular tana da kyau, ban musa ba. Sai dai a zafin garinmu ban san jaririn da za a sa wa ita ba, faifai kuwa babu ɗakin da ba a rufe ƙwaryar fura da shi. Yanzu matar Razdan, Baturen mulkin lardi, wadda ita ce babbar baƙuwa, za ta shigo ta ƙofar nan, ta fara cin karo da Balkisu da Turancinta mai santsi, ta fita ba ta san akwai mu ba.

Ga roƙona. Ba na ce a karɓe teburinsu ba, ko da yake zuciyata ta so haka. Sun bi doka, mu ne ba mu bi ba. Akwai tsohon tebur a ɗakin guga mai gajeriyar ƙafa ɗaya, a ba mu shi, mu za mu tokare shi. A ajiye mu inda baƙi ke bi, kada a kai mu bayan rijiya. Kuma nan gaba a riƙa faɗin dokar da Hausa a taron safe, a bayyana cewa amsar baki ba ta isa ba, domin 'yan ƙauye na nan tafe bayanmu, irin tarbiyyarmu gare su.

In duk wannan bai samu ba, na sake duba takardar sanarwa da kyau, tebura kawai ta ambata, ba ta ce komai a kan ƙasa ba. Za mu shimfiɗa tabarma dab da ƙafar teburin Balkisu mu zauna, sai in ke da kanki kika ce mu tashi.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya sa a yi taro lafiya a watse lafiya, ya cire mini abin da ke raina game da 'yan'uwana.

Wassalam.

Ɗalibarki mai biyayya,
Hadiza, aji uku.