Na Sayar da Wule Na Sayi Hoto a Waya

Assalamu alaikum Anti, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin a fara zagina a daure a karanta har ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni. Matata ta haifi ɗa namiji, suna ya matso, kowa na yi mini barka, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Ni malamin kwamfuta ne a wata makarantar kuɗi a nan Keffi, ina haya a Gangaren Tudu, amma a ruga aka haife ni. A gidanmu ranar suna ana ba jariri karsana, duk abin da ta haifa nasa ne, idan shi ma ya haihu sai a ciro wa ɗansa daga cikin wannan jinin. Nawa shanun, ciwo da kuɗin makaranta sun cinye su, saura guda ɗaya, Wule, mai farin goshi. Da sunana take, amma kowa ya san ba a sayar da mace mai haihuwa sai da sanin uba, kuma Baffa, wato mahaifina, ba zai taɓa yarda ba.

Lokacin da NFT ke tashe, abokin aikina Yakubu ya nuna mini a wayarsa. Hotuna ne da ake saya a intanet, a rubuta cewa kai ne mai su a wani tsari da suke kira bulokcen, ba mai iya gogewa. Na ci karo da wasu na bijimai masu ƙahon zinare, sai na ji kamar don ni aka yi su. Wa zai gaya wa ɗan Fulani yadda ake duba bijimi? Na zauna na yi musu irin dubawar da Baffa ya koya mini: na bi asalinsu, na ga duk hannun da kowanne ya bi, na ga irin wanda nake so kaɗan ne a cikin garken, farashi kullum sama yake yi, guruf ɗinsu kuwa cike da mutane ana ta ihu. Yakubu ya ce, "Malam, ka bi a hankali fa. Ni canjin aljihu na sa. Abin nan ko mahauci ba shi da shi." Na yi masa dariya, na ce shi manomin doya ne, me ya sani a harkar shanu?

Na je ruga na ce wa Baffa ciyawa ta fi kyau a wajen Agwada, ina da aboki amintacce da zai riƙe mini Wule kiwo. Idonsa ya riga ya fara yana a lokacin. Ya shafa ta tun daga goshi har bindi, ya ce, "To, Allah ya sa albarka. Ka gaya masa ba ta son a tatse ta da hayaniya." Na ɗora ta a mota na wuce da ita kara, kasuwar shanu. Wani mai lodin shanu zuwa kudu ya saye ta, ko fuskarsa ban riƙe ba. Kafin la'asar Wule ta koma hoto a wayata.

Anti, abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan wasan tun ina yaro. A kara dillalai sukan haɗa baki, wannan ya taya, wancan ya ƙara, don baƙo ya ɗauka dabbar ana rububinta. Ashe abin da ake yi mana ke nan, mutane kaɗan ne ke sayar wa junansu suna ɗaga farashi. Na duba asali, na duba kyau, ban taɓa tambayar kaina wa zai saya daga hannuna ba, kuma don ya yi me da shi. Saniya ko ta karye ana samun mai yankawa. Nawa bijimin yana nan daram, ba wanda ya sace shi, har yau da sunana yake, sai dai tun da guruf ya watse ko tayin wasa ba a yi mini ba.

Daga nan ƙarya ta fara haihuwa. Baffa ba ya mantuwa da lissafin dabba. Ina zuwa gaisuwa zai ce, "Ai yanzu ya kamata Wule ta sauka." Me zan ce? Na ce ta haifi karsana. Ya ce wane launi? Na ce irin uwarta, har farin goshin. Wallahi sai da ya tashi zaune don murna. Da shekara ta zagayo na ƙara mata maraƙi. Nakan sayi man shanu a kasuwar Keffi in kai masa, in ce saƙo ne daga Agwada, ya ɗanɗana ya ce lallai abokina ya iya riƙo. Wane irin ɗa ne ke tsayawa yana kallon ubansa yana sa wa mutumin da babu shi albarka? Ina jin kunya, ina jin tsoro, kuma duk zuwan da na yi da niyyar faɗa masa, da sabuwar ƙarya nake dawowa.

Ranar da matata ta haihu na kira Baffa. Bai ma bari na gama ba ya ce, "Ka aika Agwada a kawo 'yar Wule. Da hannuna zan ba shi, kamar yadda ubana ya yi mini, na yi maka. Ban san ko zan ga wani sunan ba." Ya riga ya gaya wa dangi kaf, har an kafa mata turke. Matata ma ba ta san komai ba, tana ta yi wa jaririn kirarin mai shanu.

Yakubu ya ce, "Ka je kara ka yi hayar karsana mana, ko ta yini ɗaya ce. Baba ai ba ya gani sosai." Na san dillalin da zai ba ni. Amma Baffa da hannu yake gani, zai lalubi kunnenta ya nemi yankan gidanmu. Kuma ba wannan ne ya fi ba ni tsoro ba. Tsorona shi ne ya gane ya yi shiru don kada ya kunyata ni a gaban jama'a, ya kama igiyar baƙuwar dabba ya yi addu'a a kanta.

In na faɗa masa gaskiya, tsoho ne mai hawan jini, kuma ni ne ɗan da ya cire daga kiwo ya kai makaranta duk da surutun 'yan'uwansa. In na yi shiru, ranar da za a raɗa wa ɗana suna, ranar zan yi masa ƙaryar farko, da hannun kakansa. Don girman Allah ku ba ni shawara kafin a taru. Me zan yi?