Na Lulluɓe Akwatin Malam

Asabar, 14 ga Maris, 2009

Allah Ya yafe mini taɓa littafin nan, na aikin wutar mijina Malam ne, sauran fararen shafukan na samu. Wanda ya tsince shi bayana ya yi haƙuri da hannuna, bokon yaƙi da jahilci ne. Ba ni da wanda zan gaya wa abin da na ji yau.

Kwana hamsin da biyu da rasuwarsa. 'Yata Atika ta zo daga Nassarawa ta taya ni gyara ɗakinsa. A ƙasan talabijin akwai baƙin akwatin nan, tsohuwar dikoda da manajansu na kamfanin fata a Challawa ya jefar, Malam ya ɗauko. Shekara guda suna fama da shi, shi da abokin aikinsa Malam Sule. Wai sun cire tsarin da ya zo da shi sun zuba masa wani, ya daina kama tasha, ya koma nuna abin da aka ajiye a cikinsa. Ni dai tarkace nake ce masa.

An kawo wuta, Atika ta kunna. Shiru, shiru, har na ce ya mutu. Ta ce, "Umma, tsoho ne, sai ya yi miƙa tukuna." Can rubutu ya fito. Ta danna inda aka sa KARATU.

Muryar Malam. Har da ɗan gyaran muryar da yake yi kafin ya fara.

Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Na juya na dubi ƙofa. Wallahi na dubi ƙofa.

Lahadi, 15 ga Maris

Ban ci komai ba sai koko. Na kasa shiga ɗakin, na kasa nisa da shi.

Laraba, 18 ga Maris

Atika ta nuna mini maɓallai uku kafin ta tafi. Ta ƙirga abin da ke ciki, izu arba'in da ɗaya.

Malam bai samu karatu da ƙuruciya ba, aikin wuta ya tafi. Ni a gidan allo na tashi. Shekara uku, duk ranar da yake aikin safe, bayan la'asar zai zauna ya biya mini, ina tsintar shinkafa ina gyara masa. Ashe wayar da yake kifawa a kan tabarma ɗauka take yi. Bai taɓa faɗa mini ba.

Yau ina cikin izu na bakwai sai wata mace ta katse shi. "Malam, wa ya biyo ku? Ku ja shi mana." Ya yi dariya ya ce, "To, Malama."

Sai da na ji ƙarar tiren shinkafata na gane ni ce. Subhanallahi, haka nake da tsiwa? Kuma Malam Sule ai da shi aka zuba abin nan. Ya ji kenan. Kunya ta rufe ni, ni kaɗai a ɗaki.

Na maimaita wurin sau huɗu.

Juma'a, 20 ga Maris

Tun jiya abu ɗaya ke damuna. Abin da Littafin Allah ke cikinsa, a ajiye a ƙasa, a buɗe, ƙura na shiga ramukansa, mai zama ya miƙe ƙafa ya nuna shi. A gidanmu ko allon da aka wanke ba a yi masa haka. Ba zan iya fita tambayar malami ba, ina takaba. Na ce a yi abin da ya fi tsira.

Na yi alwala. Na ɗauko farin ƙyallen da Babana yake naɗe Littafinsa da shi, na wanke na goge. Na naɗe akwatin ninki biyu, na ɗora shi a kan matashi a saman durowa. Wayar wuta kawai na bari a waje, da ɗan jan idon da yake jin maɓalli.

Hankalina ya kwanta.

Juma'a, 27 ga Maris

Zafi kamar ƙasa za ta tsage. Wuta tana zama sosai makon nan, tun hantsi nake kunna shi har la'asar. Na kai izu ashirin da biyu.

Yau ya tsaya a kalma ɗaya yana ta maimaitawa. Ban san lokacin da na ba shi ta gaba ba, da ƙarfi, kamar dā. Na taɓa ƙyallen na ji zafi kamar goshin mai zazzaɓi. Ranar taga ce take dukansa. Na ƙara masa bargo ya kare shi.

Litinin, 30 ga Maris

Bayan azahar na ji warin roba. Na duba murhu, ba komai. Kafin na dawo ɗaki Malam ya yi shiru a tsakiyar aya. Jan idon ya mutu.

Na danna, na danna. Na cire waya na mayar.

Ba zan iya ƙara rubutu yau ba.

Talata, 31 ga Maris

Atika ta nemi izini a ofishinsu na Bompai ta zo. Da ta ga bargon sai ta dafe kai. "Umma! Me kuka yi? Jariri ne?" Na ce girmama shi na yi. Ta ce, "Kun dafa shi dai." Sai ta ga fuskata, ta durƙusa tana ba ni haƙuri. Ni ban ji haushinta ba, gaskiya ta faɗa.

Na ce ai karatun yana cikin wayarsa. Ta duba. Babu. Cikin wayar ƙarami ne, idan ya juye a akwati sai ya goge, ya samu wurin na gobe.

Babu shi a ko'ina kenan sai cikin abin da na ƙona da hannuna.

Alhamis, 2 ga Afrilu

Malam Sule ya zo daga aikin safe. Ya zauna a soro, ni ina bayan ƙofa, Atika na kai da kawowa. Warin fatar kamfani a rigarsa ya shigo har inda nake, irin na wankin Malam.

Ya kwance murfin ya yi tsaki a hankali. Ya ce, "Malama, ramukan nan hancinsa ne. Ɗan ƙaramin inji ne, mun ɗora masa aikin da ba don shi aka yi shi ba, jaki ne da kayan raƙumi. Da iska yake rayuwa." Wai 'yar fankar ciki ta narke, zafi ya taɓa inda ake ajiyar.

Malama ya ce. Duk unguwarmu Panshekara ba mai kirana haka. Ya ji ɗin.

Na ce ta bakin Atika, muryar fa? Ya ce ba zai yi mini alkawarin da ba nasa ba. "Na ce wa marigayi mu juye a faifai, ya ce a bari sai ya sauke, ya kawo miki gaba ɗaya."

Ya tafi da shi a ɗaure bayan keke.

Lahadi, 5 ga Afrilu

Ba labari. Na goge saman durowa sau uku, ba abin da ke kai.

Alhamis, 9 ga Afrilu

Ya dawo da shi. Na kusa cewa ba shi ba ne. Babu murfi, cikinsa duk a waje, an ɗaure masa fankar tsohuwar kwamfuta da wayar tagulla, tana kuka kamar sauro. Ya sake zuba masa tsarin daga farko. Ya ce kada a rufe, kada a ɗora a kan abu mai laushi, a bar shi ya huta tsakanin azahar da la'asar.

Izu talatin da takwas ne suka tsira. Uku na ƙarshe sun tafi.

Na watan da ya fara ciwo ne. Ban kai gare su ba, da yake bi da bi nake ji, ban yarda na tsallake ba. Da na sani.

Atika ta ce in gode wa Allah. Na gode. Na kuma shiga kicin na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Talata, 14 ga Afrilu

Yana kan teburi tsirara, bisa bulo biyu don iska ta bi ta ƙasa. Kullum na gan shi sai gabana ya faɗi. Na dai ƙyale shi. Fankar ɗakin ma shi na juya wa, ni mafici ya ishe ni.

Yau na tsallake zuwa na talatin da takwas. Ban taɓa tsallake karatu ba a rayuwata. Ya kai ƙarshe ya ce, "Sai gobe, Malama," abin ya tsaya. Na zauna. Sai na ji na ɗora daga inda ya tsaya, a bayyane, har na kai rabin izu.

Saura ashirin da biyu a sauke. Ba wai ina da wata niyya ba, ni da ko muryata ban son a ji.

Na dai sa matar maƙwabcinmu ta rubuta wa Atika saƙo a waya. Wane maɓalli Babanki yake dannawa kafin ya kife wayar? Ki ba ni amsa da wuri, kafin la'asar in da hali.