Taubashina ya leƙa asusun mutane da sunana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace nake rubutun nan.

Ina aikin kontabul, wato mai riƙe lissafin kuɗi, a wata ƙaramar kes ta ajiya da lamuni a Tasawa. Lojisiyel ɗin da muke aiki da shi a kwamfuta, kowa da iyakarsa, ni da darakta kaɗai muke iya buɗe asusun mutum mu ga abin da ke ciki. Kafin in shiga sai na buga lambar sirrina, sannan a turo mini wani kod a waya. Duk abin da aka buɗe kuma, na'ura tana riƙe sunan wanda ya buɗe.

To akwai taubashina, ɗan goggona, da muke aiki tare. Shi aikinsa yawon ƙauyuka a moto, wato babur, yana rajistar manoma, ba a ba shi ikon ganin asusun kowa ba, kuma wanda ya hana shi ya san abin da yake yi. Mutum ne da ko tusa ya yi sai ya kai labarinta fada. Ga shi da riƙe makullin moto a yatsa yana juyawa, shi a dole babban ma'aikaci.

Kun san wasan taubasai, ya ɗauke maka abu sai ka fanshe shi. Haka yake fizge wayata idan zan tafi sallar azahar, ya ce sai na saya masa lemo, duk biro, wato ofishinmu, a yi dariya. In na ɓata rai a ce ba ni da wasa. Ashe sakaran ya daɗe yana kallon yatsuna har ya haddace lambata, wayar kuma kod ɗin yake jira ya shigo. Ina kan sallaya, shi yana kan kujerata.

Da sata ya yi ma da na ce talauci ne. Wallahi bai taɓa ko dala ba, gulma kawai! Ya leƙa, da yamma ya zauna gaban shayi yana faɗin wa ke da nauyi wa ke holoƙo, don a ce ya san sirrin gari.

Akwai wata baiwar Allah daga Kona mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tana ajiya ba da sanin mijinta ba. A kasuwa mijin ya ji, ya koma gida ya kore ta, wai ta mayar da shi abin dariya. Matar nan ta zo biro da goyo, ta kalle ni ta ce ni ta ba amana, ta bar ni da Allah.

Darakta ya duba, sunana ya gani. Ya ce masu bincike za su zo daga Maradi, in shirya bayani. Da na tsare gogan a bayan biro, ko kunya, sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Haba taubashiya, wasa na hwa, mi ya yi zahi?" Ƙato da gemu, ya raba aure yana kiran wasa.

Jiya sai ga Goggo a ɗakina. Ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, ban taɓa ce mata a'a ba. Ta ce in amsa laifin, wai ni mace ce, in an kore ni mijina zai ciyar da ni, shi kuwa yana da iyali. Ta ce ba a kai ƙarar taubashi, in na ambaci sunansa kada in sake taka gidanta, ko gawarta ce a ciki. Shi ko zuwa bai yi ba, uwarsa ya turo.

Ni ba korar ce ta fi damuna ba. Matar Kona tana gidan iyayenta, duk salla sunana take kai wa Allah. 'Yan uwa, in faɗi gaskiya in rasa uwar da ta raine ni, ko in yi shiru in ɗauki Allah ya isan da ba tawa ba?